Babban Baƙi da Alamomin Rubutu Bayan Gaisuwa a Wasiƙar Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Akwai ƙa'idoji biyu na rubutun boko waɗanda ake koya wa kowane ɗalibi tun yana firamare. Ta farko ita ce, ba a fara kalma da babban baƙi sai a farkon jimla ko kuwa a sunan yanka. Ta biyu ita ce, waƙafi ba ya rufe jimla, saboda haka kalmar da ta biyo bayansa da ƙaramin baƙi take farawa. To, amma ranar da aka zo darasin rubuta wasiƙa da Ingilishi, sai malamin nan da ya kafa waɗannan dokoki ya juya ga allo ya rubuta:

Dear Sir,

Thank you for your letter of 3rd May.

Ga waƙafi bayan kalmar "Sir", ga kuma babban baƙi a farkon kalmar "Thank". Ɗalibai da yawa ba su lura da wannan saɓani, domin akasarin wasiƙun da suke rubutawa da wakilin suna "I" suke farawa, shi kuwa ko'ina ya zo da babban baƙi ake rubuta shi. Wanda ya lura kuwa, yawanci amsar da yake samu ita ce haka aka gada.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa lamarin yana da dalili. Gaisuwar buɗe wasiƙar Ingilishi ba ta cikin jimlar da ke biye da ita, kuma abin da ke tafiyar da alamominta al'adar tsara shafi ce wadda ta sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa, daga zamani zuwa zamani. Sanin haka yana da amfani ga mai neman aiki, wanda layin farko na takardarsa shi ne abin da idon mai karatu zai fara sauka a kai, da kuma ga mai nazarin ƙa'idojin rubutun Hausa, tun da yake daga Ingilishi Hausar boko ta aro manyan baƙaƙe da alamomin rubutu.

2.0 Ƙa'idojin Kamar Yadda Suke

2.1 Babban baƙi a cikin gaisuwa

Kalmar farko ta gaisuwa da babban baƙi take farawa, haka nan sunan wanda aka rubuta wa da muƙaminsa: "Dear Mr Bello", "Dear Professor Garba". Kalmar da ta tsaya a madadin suna ita ma tana samun wannan daraja, kamar "Sir" da "Madam", da kalmomin dangantaka irin su "Mother" da "Uncle". Saboda haka ana rubuta "Dear Uncle" da babban U a gaisuwa, alhali kuwa a cikin wasiƙa "my uncle" ake rubutawa da ƙarami, domin a can suna ne gama-gari.

Ita kanta kalmar "dear" sifa ce, ba ta da wani haƙƙi na babban baƙi in ban da zuwanta a farkon layi. Da zarar wata kalma ta gabace ta sai ta koma ƙarama: "My dear Sir". Haka kuma mahaɗin da ke tsakanin "Dear Sir or Madam" da ƙaramin baƙi ake rubuta shi.

Akwai kuma batun aya bayan taƙaitaccen muƙami. Amurkawa suna rubuta "Mr." da "Mrs." da "Dr." da aya. A Ingila kuwa an fi barin su babu aya, bisa hujjar da H. W. Fowler ya goyi baya a littafinsa A Dictionary of Modern English Usage na 1926, watau idan taƙaitawar ta ƙare da harafin ƙarshe na cikakkiyar kalmar, to, ba a yanke wutsiyar kalmar ba, balle a nemi aya ta nuna wurin yankan. "Mr" ya ƙare da r kamar yadda "Mister" ya ƙare, amma "Prof." an datse shi a tsakiya, don haka bisa wannan hujja shi ne ya cancanci aya.

2.2 Alamar da ke bin gaisuwa

A nan ne Ingila da Amurka suka raba hanya sosai. A al'adar Ingila waƙafi ake sa wa gaisuwa, ko wasiƙar ta zumunci ce ko ta aiki, ko kuwa a bar ta ba wata alama sam. A al'adar Amurka kuwa an raba aikin biyu: waƙafi ga wasiƙar zumunci, ruwa biyu ga wasiƙar ofis da ta kasuwanci. Alal misali:

Ingila: Dear Mr Bello,

Amurka, wasiƙar aiki: Dear Mr. Bello:

Amurka, wasiƙar zumunci: Dear Musa,

Ashe ke nan Ba'amurke yana gane irin wasiƙar da ke hannunsa daga alamar da ke ƙarshen layin gaisuwa, tun bai karanta abin da ke ciki ba. Waƙafi mai ruwa ba shi da gurbi a nan a ɗayan al'adun biyu, haka ita ma aya. A wasiƙun ƙarni na 19 akan ga waƙafi ko ruwa biyu tare da wani ɗan dogon layi a kwance a bayansu, amma wannan ya daɗe da zama tsohon yayi.

2.3 Kalmar farko ta gundarin wasiƙa

Duk alamar da aka zaɓa, ko ma ba a sa ko ɗaya ba, gundarin wasiƙar Ingilishi da babban baƙi yake farawa a sabon layi. A kan wannan babu saɓani tsakanin Ingila da Amurka. Shi ne kuma wurin da ɗalibi yake ganin kamar an taka doka, saboda haka ya kamata a waiwayi tarihi a ga yadda aka yi waƙafi da babban baƙi suka zama maƙwabta.

3.0 Asalin Al'adar

Rumawan da, a zamanin su Sisero wanda ya rasu shekara 43 kafin haihuwar Annabi Isa, cikakkiyar jimla suke buɗe wasiƙa da ita. Marubuci yakan fara da sunansa, sa'an nan na wanda ya aika wa, sa'an nan kalmar gaisuwa, kamar a ce wane yana gai da wane. A ƙarni na 12, lokacin da rubuta wasiƙa ya zama fanni mai zaman kansa a makarantun Italiya, musamman a birnin Bolonya, malamai suka kasa wasiƙa kashi biyar: gaisuwa, da neman yardar mai karatu, da bayanin al'amari, da roƙo, da rufewa. Gaisuwa ita ce ta fi cin tawada a littattafansu, domin a cikinta ake auna daraja: sunan wanda ya fi girma shi ake gabatarwa, ko shi ne mai aikawa ko mai karɓa.

Da Turawan Ingila suka shiga rubuta wasiƙu da harshensu, sai suka bi wata hanya dabam. Wasiƙun iyalin Paston na lardin Norfolk, waɗanda akasarinsu na ƙarni na 15 ne, sukan fara da kiran mutum kai tsaye da kalmomin girmamawa, sa'an nan a zarce a kan wannan layi a shiga jimlar gaishe shi. Watau kiran yana cikin jimlar farko, kamar yadda Bahaushe zai ce, "Malam, ina gaisuwa." A rubutun hannu na lokacin alamomi kaɗan ne ƙwarai. William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a 1476, shi kuwa waƙafi mai wannan siffa da aka sani yau ya yaɗu ne daga maɗaba'ar Aldus Manutius ta birnin Benis a ƙarshen ƙarni na 15, ya shiga ɗab'in Ingilishi a ƙarni na 16. Da ya zauna, ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne raba sunan wanda ake kira da sauran jimla.

Mataki na biyu ya zo ne ta hanyar ladabi. A ƙarni na 16 aka fara samun littattafan koyar da wasiƙa cikin Ingilishi, irin su The Enimie of Idlenesse na William Fulwood a 1568 da The English Secretorie na Angel Day a 1586. Daga wannan zamani zuwa ƙarni na 17, wurin da aka ajiye kalma a shafi ya zama hanyar nuna biyayya. Mai rubuta wa na gaba da shi yakan sa "Sir" ko "My Lord" a sama shi kaɗai, ya bar fili, sa'an nan ya fara magana can ƙasa, kuma gwargwadon girman mutum, gwargwadon faɗin filin da za a bar masa. Takarda tana da tsada a lokacin, don haka barin ta fara saboda wani girmamawa ce da ido yake gani.

Daga nan ana iya fahimtar abin da ya faru. An ɗauke kiran daga cikin jimla an ba shi layinsa, ya tafi da waƙafinsa. Abin da ya rage ya zama sabon sakin layi, sabon sakin layi kuwa da babban baƙi yake farawa. Waƙafin da ke bayan "Dear Sir" saura ne na zamanin da kira da jimla suke zaune ɗaki ɗaya. Ana iya gwada wannan a sauƙaƙe: idan aka mayar da kiran cikin layi, ƙa'idar firamare sai ta dawo daram, a rubuta "Musa, please send the book" da ƙaramin p.

4.0 Sallamar Rufewa

Irin wannan tarihi ne da sallamar ƙarshen wasiƙa. A ƙarni na 18 jimlar ƙarshe takan gangaro har ta ƙare da sunan marubuci. Wannan salo ya daɗe a wasiƙun gwamnatin Ingila da na ofisoshin mulkin mallaka, har da na Nijeriya, inda akawu yakan rufe da "I have the honour to be, Sir, your obedient servant", sa'an nan sa hannu. Sunan da ke ƙasa shi ne bayanin wannan "servant", don haka waƙafi ne ya dace tsakaninsu. Da tafiya ta yi nisa aka taƙaita doguwar jimlar ta koma kalmomi biyu, aka ba su layinsu.

Wannan shi ya sa kalmar farko kaɗai ke ɗaukar babban baƙi, a rubuta "Yours faithfully," da babban Y da ƙaramin f, da waƙafi a ƙarshe. Rubuta "Yours Faithfully" kuskure ne, haka nan sa ɗan waƙafin sama a rubuta "Your's", domin wakilin suna na mallaka a Ingilishi ba ya ɗaukar wannan alama. A al'adar Ingila buɗewa da rufewa tafiya suke tare: wanda ya buɗe da "Dear Sir" ko "Dear Madam", watau bai ambaci suna ba, da "Yours faithfully" zai rufe, wanda ya ambaci suna kuwa sai ya rufe da "Yours sincerely". Amurkawa ba su riƙe wannan bambanci ba, sun fi amfani da "Sincerely" ko "Sincerely yours" ko "Yours truly".

5.0 Yadda Wasu Harsuna Suka Yi

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Hujja mafi ƙarfi a kan cewa wannan lamari na al'ada ne ita ce, harsunan Turai da suka ci karo da matsala ɗaya kowanne ya warware ta yadda ya ga dama.

Jamusawa a da alamar motsin rai suke sa wa gaisuwa, su fara gundarin wasiƙa da babban baƙi. Da suka koma amfani da waƙafi a ƙarni na 20, sai suka bi hukuncinsa har ƙarshe: kalmar farko ta gundarin wasiƙa da ƙaramin baƙi take farawa, sai fa idan kalma ce wadda dama can babban baƙi take ɗauka. Watau abin da ɗalibin nan na aji yake zaton shi ne daidai, a Jamus shi ne daidai ɗin. Masu Jamusanci na ƙasar Suwizalan kuwa sukan bar gaisuwa ba alama, su fara da babban baƙi. A Sifaniyanci ruwa biyu ne ƙa'ida ga kowace irin wasiƙa, har ma hukumar harshen ta ƙasar Sifen tana ɗaukar sa waƙafi a wurin a matsayin kwaikwayon Ingilishi. A Rashanci alamar motsin rai ce aka saba sa wa gaisuwar wasiƙar hukuma. Faransanci, wanda da shi Hausawan Jamhuriyar Nijar suke rubuta takardun ofis, ya yi daidai da Ingila: waƙafi, sa'an nan babban baƙi.

Amfanin wannan kwatanci shi ne, idan aka ga wasiƙar Ingilishi wadda gundarinta ya fara da ƙaramin baƙi, ko gaisuwarta ta ƙare da alamar motsin rai, sau da yawa al'adar wani harshe ce ta biyo marubucin.

6.0 Tasirin Tafireta da Kwamfuta

Kamfanin Remington na Amurka ya fitar da tafireta kasuwa a 1874, wadda manyan baƙaƙe kaɗai take bugawa. A 1878 ya fitar da mai buga manya da ƙanana. Da wasiƙar ofis ta koma hannun masu buga tafireta, sai makarantun koyon wannan sana'a suka zama masu yanke hukunci a kan tsarin shafi. Littattafansu suka rarrabe salo uku. A na farko ana sa alama a ƙarshen kowane layi na adireshi, da bayan gaisuwa, da bayan sallama. A na biyu ana barin adireshi ba alama, amma a sa wa gaisuwa da sallama, wannan shi ne wanda ya fi yawa a Amurka. A na uku ba a sa alama ko'ina sai a cikin gundarin wasiƙa. Hujjar masu salo na uku ita ce, ƙarshen layi ya riga ya yi aikin da waƙafi zai yi, kuma kowane bugu da aka rage lokaci ne aka tanada ga mai buga wasiƙu masu yawa a yini. A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 wannan salo ya yaɗu a ofisoshin Ingila, tare da fara kowane layi daga gefen hagu ba tare da shiga ciki ba.

Dukkan salon uku karɓaɓɓu ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne gauraya su: wanda ya bar "Dear Sir" ba waƙafi, to, ya bar "Yours faithfully" haka nan. A makarantun Nijeriya salon Ingila mai waƙafi aka fi koyarwa. Rubuta wasiƙa yana cikin tambayoyin takardar Ingilishi ta hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, wadda aka kafa a 1952, kuma daidaiton haruffa da alamomi da manyan baƙaƙe yana da nasa rabon maki.

Da saƙon imel ya yaɗu a shekarun 1990, sai "Hello" da "Hi" da "Good morning" suka shigo suna gogayya da "Dear". A nahawu ba ajinsu ɗaya ba. "Dear" sifa ce mai bayyana sunan da ke gabanta, ba a raba su da waƙafi, saboda haka "Dear, Musa" kuskure ne. "Hello" kuwa gaisuwa ce mai cin gashin kanta, sunan da ya biyo ta kira ne, don haka bisa tsantsar ƙa'ida "Hello, Musa." za a rubuta, daidai da yadda ake rubuta "Sannu, Musa." To, amma jama'a sun ɗora sabuwar gaisuwa a kan tsohon zubi, suna rubuta "Hello Musa," kamar "Dear Musa,", har ya zama shi ne aka fi gani. Wannan ma wata shaida ce ta cewa a layin gaisuwa sabo ya fi nahawu ƙarfi.

7.0 Darasi ga Wasiƙar Hausa

Rubutun Larabci da na ajami ba su da babban baƙi da ƙarami, saboda haka wannan matsala ba ta taɓa tasowa ba a wasiƙun fadar Daular Sakkwato. Waɗannan wasiƙu na Larabci, irin waɗanda aka samu a gidan Waziri Buhari a 1903 kuma H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927, sukan fara da sunan Allah, sa'an nan daga wane zuwa ga wane, sa'an nan gaisuwa, sa'an nan "amma ba'adu", wadda ita ce ke shaida wa mai karatu an gama gaisuwa an shiga magana. Aikin da fili da sabon layi suke yi wa Bature, kalma ce take yi wa magatakardan fada. Takwararta a wasiƙar Hausa ita ce "bayan haka" ko "bayan gaisuwa".

Da boko ya zo, tun daga ƙa'idojin rubutun Hausa da Hanns Vischer ya fitar a 1912, sai Hausa ta karɓi manyan baƙaƙe da alamomi, wasiƙarta kuma ta haɗa gado biyu. A duba wannan misali:

Zuwa ga Malam Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso.

Akwai gaisuwa iri uku a nan, kowacce da hukuncinta. "Zuwa ga Malam Bello" tana kan layinta ita kaɗai, ita ce ta yi daidai da "Dear Sir", abin da ya biyo ta da babban baƙi zai fara. "Assalamu alaikum" cikakkiyar jimla ce, aya ce ta dace da ita. "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri" kuwa yanki ne na jimlar da yake ciki, waƙafinsa waƙafi ne na gaskiya, don haka "ina" da ƙaramin baƙi za a rubuta. Akan ci karo da masu rubuta "Bayan gaisuwa, Ina sanar da kai" da babban baƙi, suna zaton duk waƙafin da ya biyo gaisuwa irin na Ingilishi ne, alhali kuwa asalinsu ba ɗaya ba ne.

8.0 Kammalawa

An ga cewa babban baƙin da ke bin "Dear Sir," bai karya ƙa'idar waƙafi ba, domin gaisuwar ta daɗe da ficewa daga cikin jimla. An kuma ga cewa zaɓi tsakanin waƙafi da ruwa biyu da rashin alama ya danganta ne ga ƙasar da ake rubuta wa, da irin wasiƙar, da salon ofishin da ake aiki. Abin da ya wajaba ga marubuci shi ne ya san al'adar wanda zai karanta, ya zaɓi salo ɗaya, ya riƙe shi daga adireshi har sa hannu. Ga mai shakka kuwa, ko da Ingilishi yake rubutu ko da Hausa, akwai ma'auni mai sauƙi: idan gaisuwa tana kan layinta ita kaɗai, abin da ya biyo ta da babban baƙi zai fara, idan kuwa tana layi ɗaya da maganar, waƙafi kaɗai ya raba su, to, ƙaramin baƙi ne.